Giram 150 da giɓi biyu: bin sawun fiƙoƙina

6 ga Janairu

Yau aka ɗaura sifirin, wato 'yar naɗaɗɗiyar wayar da za ta riƙa jan haƙori. Wata biyar ke nan da manna mini maɓallai a haƙora da zura waya, bayan an cire mini haƙori ɗaya-ɗaya a sama, dama da hagu, wanda ke bin bayan fiƙa. Duk watannin nan jera haƙora aka yi ta yi. Yanzu ne za a fara jan fiƙoƙin biyu baya su cike giɓin, domin na gaba su sami wurin komawa ciki. Na tsaya gaban madubi da ma'aunin kalifa, mai baki biyu da ake auna ƙaramar tazara da shi, na auna giɓin kowane gefe sau uku: dama milimita 6.8, hagu 7.0. Hannuna da idona na iya yin kuskuren 0.2, kuma zan riƙa tuna wa kaina haka duk ranar da lamba ta faranta mini rai.

Sifirin ɗin na nikel da taitaniyam ne, an maƙala shi daga matauni zuwa fiƙa. Likita ta sa ɗan ma'auni ta ja bakinsa, allura ta tsaya a giram 150. Nauyin ƙaramar wayar hannu ke nan. Na ce, "Likita, wannan ai wasa ne. Ki ninka mana shi mu rage zirga-zirga."

Ta yi dariya a bayan takunkuminta, ta ce, "Malam, ba ƙusa muke zarewa daga katako ba."

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da fiziks, don haka amsar ba ta gamsar da ni ba. Abin da na sani shi ne, idan kana jan abu a cikin wani abu mai danƙo, ka ninka ƙarfi, gudu ya ninku. Ban ga dalilin da zai sa haƙori ya fita daga wannan doka ba. Shi ya sa na buɗe wannan littafi: in riƙa aunawa, in riƙa karanta abin da masu bincike suka gano, in ga ni da ita wa ke da gaskiya.

8 ga Janairu

Jiya da daddare zogin ya kai ƙarshe, yau ya fara lafawa. An gaya mini dama haka yake yi, ya hau cikin kwana ɗaya, ya sauka cikin mako. Farasitamol likita ta ce in sha. Na tambaye ta me ya hana ibufurofen, ta ce motsin haƙori ɗan kumburi ne da ake tayarwa da gangan, kuma magungunan irinsa suna danne sinadarin furostagilandin wanda ke cikin masu kiran ƙwayoyin da ke cin ƙashi. A gwajin dabbobi an ga suna rage tafiyar. Ƙwaya ɗaya ko biyu ba za su ɓata aiki ba, in ji ta, amma kada ya zama na kullum.

Awo: dama 6.6, hagu 6.8. Kwana biyu, 0.2! Na yi lissafi a kai na ga kafin ƙarshen Maris mun gama. Murnar ba ta wuce rabin sa'a ba. Ashe haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi ba, rataye yake a gurbinsa da wani tantani mai zaruruwa da ruwa da ƙananan jijiyoyin jini, kuma kaurin tantanin bai wuce kusan rubu'in milimita ba. Abin da na auna shi ne fiƙa ta matse wannan tantani ta jingina da bangon gurbinta. Ƙashi bai motsa ko ƙiris ba.

20 ga Janairu

Dama 6.5, hagu 6.8. Kwana goma sha biyu ana ja dare da rana, shiru kake ji.

Na kwana biyu ina karatu, kuma a nan ne hoton da ke kaina ya fara tsagewa. Ni na ɗauka ƙashi ne ke ba da hanya saboda an fi ƙarfinsa. Ba haka ba ne. Giram 150 ba ya iya komai ga ƙashin muƙamuƙi. Taunar yau da kullum tana ɗora masa kilo-kilo na ɗan lokaci kuma haƙori yana nan inda yake. Rushe ƙashin ake yi. A gefen da saiwa ke dannawa, jiki yana tara wasu manyan ƙwayoyin halitta da ake kira ostiyokilas, su gaigaye bangon gurbin. A gefen da zaruruwa suka miƙe, wasu da ake kira ostiyobilas su yi ta zuba sabon ƙashi. Gurbin ne da kansa ke ƙaura, ana rushe bangon gaba ana gina na baya, haƙori yana biye. To masu rushewar nan ta jini suke zuwa, ta jini suke samun iska da abinci. Ka matse tantanin har jijiyoyin jinin suka toshe, ka tare wa ma'aikatanka hanya. Wurin ya mutu, ya zama fili fetal ba ƙwayar halitta, a ƙarƙashin na'urar ƙara girma ya yi kama da gilashi. Daga nan sai dai ma'aikata su zagayo ta cikin ɓargon ƙashi su riƙa rarake bangon ta baya, wasu kuma su kwashe mataccen naman. Har sai sun gama haƙori zai tsaya cik, sannan ya yi tsalle ɗaya.

Wani ɗan Suwidin, Carl Sandstedt, ya ga wannan a haƙoran kare tun 1904. A 1932 Martin Schwarz na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya ba shi lamba: kada matsi ya wuce na jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyi, wato giram 20 zuwa 26 a kan kowane santimita murabba'i na saiwa. Kaare Reitan na ƙasar Norwe ya shafe shekarun 1950 da 1960 yana duba naman da ke kewaye da haƙoran mutane da na dabbobi, ya nuna cewa wannan mataccen wuri kusan ba ya kaucuwa a farkon ja, ko da ƙarfin bai yi yawa ba, kuma yakan tsayar da haƙori mako biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Manya irina sukan fi yara daɗewa a wannan mataki.

Ke nan shirun da nake gani ba rashin ƙarfi ba ne. Mai yiwuwa ma akasin haka ne.

3 ga Fabrairu

Ranar asibiti. Awonta da nawa sun yi kusa: dama 6.2, hagu 6.6. Ta duba sifirin, ta ce yana nan a ƙarfinsa, ba ta taɓa komai ba. Minti bakwai na yi a kujera.

Kafin in tashi na ce mata na karanta Schwarz, kuma na yi lissafi. Faɗin fatar saiwar fiƙar sama ya kai kusan santimita murabba'i 2.7, amma ɓangaren da ke fuskantar baya kaɗai ke ɗaukar matsi, a ce rabi. Rabin 2.7 sau 26 bai wuce giram 35 ba. Na ce, "Likita, wancan watan ina roƙon ki ƙara, yau kuma lissafina ya ce kin zarce ninki huɗu. Wanne zan kama?"

Ta ajiye madubin hannunta ta ce, "Malam, ba duk 150 ɗin ke isa saiwa ba. Maɓalli yana gugar waya, wani kaso ya tafi a nan. Kuma matsin ba shimfiɗe yake bai ɗaya ba, yana taruwa a wuyan gurbi da ƙarshen saiwa. Lambar Schwarz tana koyar da tunani ne, ba a auna ta a bakin mutum."

Ta ba ni sunaye biyu in nema. Storey da Smith, Ostireliya, 1952: sun ja fiƙoƙi a wasu 'yan mutane, suka ce tafiya ta fi kyau tsakanin giram 150 da 200, kuma da suka sa 400 zuwa 600 sai fiƙa ta toge, matauna suka riƙa tahowa gaba. Daga nan 150 ɗin da ke bakina ya samo asali. Sai Boester da Johnston a 1974, da suka gwada ƙarfi huɗu, kusan giram 55, 140, 225 da 310. Mafi ƙanƙanta ya fi jinkiri. Sauran ukun kuwa tafiyarsu ɗaya.

Na maimaita wannan layi sau uku a hanyar gida. An ninka ƙarfi fiye da sau biyu, gudu bai canja ba.

15 ga Fabrairu

Na sami abin da malamin fiziks zai so. A 1985 Quinn da Yoshikawa suka zana layuka huɗu, ƙarfi a kwance, gudu a tsaye, suka ce a cikinsu ɗaya ce gaskiya. Na farko: da zarar an haye wani ɗan mataki, gudu ɗaya ne komai ƙarfi, kamar makunnin fitila. Na biyu: layi miƙaƙƙe mai hawa, ƙara ƙarfi ƙara gudu, wato nawa na ranar 6 ga Janairu. Na uku: ya hau, ya kai ƙololuwa, ya gangaro, wato na Storey da Smith. Na huɗu: ya hau, sannan ya kwanta ya miƙe. Su na huɗun suka ga ya fi dacewa da abin da aka tattara, suka sa wurin kwanciyar ga fiƙa tsakanin giram 100 da 200. Na zana su a allon ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi, na daɗe a tsaye gaban na biyu kamar mai bankwana.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Pilon da abokan aikinsa a jami'ar Nijmegen ta ƙasar Holan, 1996. Karnuka suka yi amfani da su, suka ja haƙori da kusan giram 50, 100 ko 200, gefe ɗaya daban da ɗaya a bakin kare guda. Girman ƙarfin bai raba gudu ba. Abin da ya raba shi ne karen: wani mai saurin tafiya ne a gefe biyun, wani mai nawa ne a gefe biyun. A wannan shekarar kuma Owman-Moll da abokan aikinta a Suwidin suka gwada a matasa: daga 50 zuwa 100 ba bambanci, daga 50 zuwa 200 tafiya ta ƙaru da kusan rabi. Ka ninka kuɗin shiga sau huɗu, a ƙara maka rabin kujera.

A 2003 Ren da Maltha da Kuijpers-Jagtman suka tattara abin da aka rubuta a kan batun suka tace, suka kammala da cewa babu hujjar da za ta tsayar da lamba ɗaya a ce ita ce mafi dacewa. Wannan ya ba ni haushi da farko. Shekara kusan ɗari ana ja wa mutane haƙora, a ce lambar ba ta zauna ba? Daga baya na ga dalili. Kowa da yadda yake aunawa, wani kan haƙori yake bi, wani saiwa, wani ya karkatar wani ya ja a tsaye, mutanen da ake gwadawa kaɗan ne, kuma bambancin mutum da mutum yana haɗiye bambancin giram da giram.

Dama 5.8, hagu 6.3. Tafiya ta kankama.

3 ga Maris

Dama 5.2, hagu 5.9. Dama ta ci milimita guda cikin mako huɗu, hagu 0.7. Baki ɗaya, jini ɗaya, sifirin iri ɗaya. Likita ta ce ba abin mamaki ba ne: ƙashin wajen da aka cire haƙori yakan tsuke ba daidai ba, kuma fiƙar ƙasa ta hagu tana ɗan tokare ta sama idan na rufe baki.

Sifirin ɗin hagu na lanƙwasa shi da buroshi shekaranjiya, laifina ne. Babu irin tsawonsa a hannu, sai ta sa sarƙar roba a madadinsa zuwa wata mai zuwa. Ta kuma ba ni 'yan robobin da zan riƙa maƙalawa da kaina daga fiƙar sama zuwa mataunin ƙasa, ɗaya a kowane gefe, kowace kusan giram 100, in cire lokacin cin abinci da goge baki kawai. Na roƙi guntun sarƙar da ya rage, ta ba ni tana girgiza kai.

5 ga Maris

Na kafa ƙusa biyu a katako, na miƙe guntun sarƙar a tsakaninsu, na nutsa cikin ruwa mai ɗumin jiki a cikin fulas. Da ma'aunin sifirin na makaranta: ranar farko kusan giram 300, bayan kwana ɗaya kusan 160, yau 145. Ya yi daidai da abin da aka sani tun 1970, cewa irin wannan roba tana zubar da rabin ƙarfinta ko fiye a yinin farko, sannan ta ci gaba da saki sannu a hankali. Shi ya sa ake ɗaura ta da ƙarfi fiye da kima, shi ya sa kuma hagu ta fi yi mini ciwo jiya. Sifirin nikel da taitaniyam kuwa yana riƙe ƙarfi kusan ɗaya a tsawon tafiya mai yawa. A wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka aka gano wannan ƙarfe a farkon shekarun 1960, George Andreasen ya shigo da shi gyaran haƙori a farkon shekarun 1970.

Ashe tambayar "giram nawa" ma ba ta cika ba sai an ce giram nawa a wace rana.

19 ga Maris

Dole in rubuta wannan, in ba haka ba littafin ya zama na ƙarya.

Tun 10 ga wata nake sa roba biyu a hagu maimakon ɗaya. Wasu dararen uku. Na san layi na huɗu, na zana shi da hannuna, na san labarin karnukan Holan. Amma kullum in na duba madubi sai in ga dama ta yi gaba ta bar hagu, sai wata murya ta ce ai sarƙar ta saki, cike gurbi kawai kake yi. Ilimi daban, haƙuri daban.

Kwana uku na farko ban iya haɗa haƙoran hagu ba. Yanzu fiƙar tana girgiɗa in na taɓa ta da harshe, fiye da 'yar'uwarta nesa ba kusa ba. Maiɗakina ta ce da dare ina magana kamar mai tsakuwa a baki, ta tambaye ni ko likita ce ta ce in yi haka. Na ce bincike nake yi. Ta ce, "To, Malam, a bakin wa?"

Awo: hagu 5.0. Kusan milimita cikin kwana goma sha shida. Ban cire robar ba.

31 ga Maris

Dama 4.3, hagu 4.6. Na shiga da lambar nan kamar ɗalibi da sakamakon jarrabawa. Likita ba ta ko ɗauki ma'auni ba. Ta duba, ta sa na cije, ta sake dubawa, ta ce, "Malam, roba nawa kake sawa?"

Ta ba ni madubi ta nuna mini abu uku. Na ɗaya, fiƙar ba tafiya ta yi ba, kwanciya ta yi: kanta ya faɗa cikin giɓin, saiwarta tana nan inda take, ƙarshenta ma ya ɗan leƙa gaba. Ni kuma kalifa a kan haƙori nake ɗorawa, don haka karkata na yi ta aunawa ina kiranta gudu. Na biyu, ta murɗe, domin ana jan ta ne daga maɓallin da ke fuskar waje, gefenta na baya ya juya ciki. Na uku, da ta karkata sai kusurwoyin maɓallin suka cije wayar har ta ɗan lanƙwashe. Ta bayyana mini cewa dama haƙori a kan waya tafiyar 'yar karkata da miƙewa yake yi: ya ɗan kwanta, maɓalli ya cije, waya ta ɗago saiwa, ya sake zamewa. In ja ya fi ƙarfin waya, matakin miƙewar ba ya samuwa.

Sai ta taɓa mataunan, na sama da na ƙasa. "Waɗannan su ne turkenmu. Duk abin da ka ja fiƙa da shi, da shi kake jan turke, wannan kai ka fi ni sani. Saiwoyin matauni sun fi faɗi, don haka ƙaramin ƙarfi yana bajewa a kansu bai cika motsa su ba. Ka ƙara, fiƙa ba ta ƙara sauri sosai ba don ta riga ta kai inda layinka ya kwanta, amma turke yanzu ya shiga inda yake tafiya da kyau." Dokar Newton ta uku, wadda nake koyarwa duk shekara, ita aka karanta mini ina kwance baki buɗe. Giɓin nan an saye shi ne da haƙora biyu lafiyayyu domin na gaba su koma ciki. Duk milimitar da matauni ya ci, an yi asararta.

Ta ambaci wani gwaji na Yee da abokan aikinsa a 2009, giram 50 a gefe ɗaya, 300 a ɗayan, mako goma sha biyu. Gefen mai nauyi ya fi rufe giɓi, amma da ƙarin murɗewar fiƙa da ƙarin tahowar matauna. Ke nan ba a ce ƙarfi ba ya ƙara komai ba. Yana ƙarawa, sai dai abin da yake ƙarawa ba shi aka zo saye ba.

Hukunci: an cire sarƙa da roba a hagu gaba ɗaya, an sa sabuwar waya, an ɗaure maɓallin fiƙar da siririn ƙarfe don ta warware murɗewar. Ba ja har sai saiwa ta biyo. Garin neman ƙiba.

12 ga Afrilu

An ɗauki hoton saiwar fiƙar hagu ranar 31, likita ta kira ni ta ce tsawonta bai ragu ba yadda hoto zai nuna. Na yi ajiyar zuciya, amma na karanta abin da ya sa ta ɗauka. Ƙwayoyin da ke kwashe mataccen tantani ba su cika bambance shara da bango ba, sukan haɗa da fatar saiwa su gaigaya. Ƙananan ramuka jiki yana cike su in an sassauta. In zaizayar ta cinye ƙarshen saiwa kuwa, ba ya dawowa. Chan da Darendeliler a 2005 sun sa giram 25 a wasu haƙora, 225 a wasu, na kwana 28, haƙoran da dama za a cire su, sannan suka auna ramukan: na mai nauyi sun fi na mai sauƙi girma fiye da ninki uku. Hoton asibiti ba ya ganin irin waɗannan ramuka na gefe. Don haka "ba a ga komai ba" ba ya nufin ba a yi komai ba, kuma hutun nan na wata guda har da su aka yi shi.

Girgiɗar ta ragu sosai.

28 ga Afrilu

Dama 3.4. Hagu 4.7, wato giɓin ya ma ɗan buɗe. Likita ta ce haka ake so, kan ya ɗago, saiwa tana matsowa. Wata guda cur ana aiki a inda kalifa ba ya gani.

Na tambaye ta me ya sa littattafan koyarwa ke ba kowane irin motsi lambarsa. Karkatarwa giram 35 zuwa 60, jan haƙori a tsaye da saiwarsa 70 zuwa 120, tura shi cikin ƙashi 10 zuwa 20 kacal. Kafin ta amsa na gane da kaina: matsi ne, ƙarfi a raba da faɗi. Mai karkata yana danna wurare biyu ƙanana, mai tafiya a tsaye yana danna gefen saiwa duka, wanda ake turawa ciki kuwa duk nauyin a kan tsinin saiwa yake sauka. Fiziks ɗina bai yi ƙarya ba ashe, a wurin da bai dace ba na ajiye shi. Yana aiki daga sifirin zuwa tantani. Daga tantani zuwa ƙashi kuwa lissafin ya koma hannun ƙwayoyin halitta, su kuma suna da iyakar abin da za su gaigaya a yini, ko an yi musu tsawa ko an yi musu raɗa.

Ta ce a ba hagu ƙarin mako biyu.

26 ga Mayu

An mayar da sifirin a hagu ranar 12, wannan karon na giram 100, roba ɗaya. Dama 2.6, hagu 4.4.

Na yi ƙorafin an rage mini, don hali ba ya mutuwa da wuri. Sai ta tura ni ga Iwasaki da abokan aikinta, shekarar 2000. Sun ja fiƙoƙi da wata dabara da ba ta gugar waya, giram 18 a gefe ɗaya, 60 a ɗayan. Matsakaicin gudu milimita 0.87 a wata da 1.27 a wata, kuma ba a ga tsayawar nan ta farko ba. Giram 18! Wannan ne gefen hawan layin, inda ƙari ke da amfani, kuma dubi yadda yake can ƙasa. Wata tacewar bincike ta 2019 daga Nijmegen ta karkata ga cewa giram 50 zuwa 100 ya wadatar wajen jan haƙori a tsaye in aka haɗa gudu da ciwo da illoli a ma'auni ɗaya. Har 150 ɗin da na raina ranar farko, akwai masu ganin ya yi yawa.

Game da robar ta ƙara mini abu ɗaya da ya zauna: in ana son a ci riba a wajenta, a sa'o'i ake ci. Jan da bai kai sa'a huɗu zuwa shida a yini ba jiki ba ya ma amsa shi, kuma roba ɗaya ta sa'a ashirin ta fi uku na dare kaɗai. Yanzu ina rubuta sa'o'in a gefen shafi. Makon jiya mafi ƙaranci 19.

23 ga Yuni

Mako 24. Dama 1.7, wato ta rufe milimita 5.1, kusan 0.85 a kowane mako huɗu, da tsayawar farko a ciki. Hagu 3.7. Da na bar ta a kan 0.7 ɗinta tun Maris, da yau tana wajen 3.1. Robobin kwana ashirin da ɗaya sun ci mini kusan wata guda, ban da abin da matauni ya ci na giɓin, wanda sai an ɗauki sabon awon baki za a san yawansa.

Ko lambar dama ba duka ta fiƙa ba ce, in ji Likita, turken can ma ya ɗan taho, amma cikin abin da ta yi tanadi. A hagu tana tunanin kafa ɗan ƙaramin sukurun taitaniyam a ƙashi tsakanin saiwoyi, a ɗaura sifirin a jikinsa a bar matauni ya huta. Za ta yanke shawara bayan awon. Na tambaya ko da sukuru za a iya ƙara ƙarfi, tunda shi ba ya tahowa. Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ce komai ba, ta rubuta 100 a kati.

Layin tsakiyar haƙoran sama ya ɗan zame dama da kusan rabin milimita. Shi ma an ce sai hagu ta iso za a gyara. Awo na gaba 7 ga Yuli, asibiti 21 ga wata. Ina bukatar sabon batir a kalifa.